Koren Tsattsewa

Ranar Litinin da hantsi wani saurayi ya shigo shagon da buhu a kafaɗa. Ya jingina kekensa a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya zazzage buhun a kan tebur. Hulunan kwano ne guda goma sha biyu, irin na 'yan tseren keke. Duk sun koɗe, wasu sun karce.

Auta na can ƙuryar shago tana goge tankin babur da samfefa. Ta ɗago ta dube shi sau ɗaya. Dogo ne siriri, rana ta ƙona masa wuya. Ta mayar da kanta kan aikinta.

Shagon na mahaifinta ne. Fenti yake yi, na allunan shaguna da babura da hulunan ƙungiyoyin wasa. Auta ce 'yarsa ta ƙarshe, ita kaɗai kuma ta gaji hannunsa. Magana ce dai ba ta iya ba. Ko baƙo ya tambaye ta abu, sai ta nuna masa Baba da yatsa.

"A'a, Kyaftin ne da kansa?" in ji Baba, yana goge hannu da tsumma. "Yau 'yan Tsattsewa sun tuna da tsohonsu."

Tsattsewa sunan ƙungiyar tseren kekensu ne. Baba ne ya zana musu tambari shekara ashirin da shida da suka wuce, farar tsattsewa ta buɗe fukafukai a kan kore mai duhu. Koren ma shi ya haɗa abinsa, ba a samun irinsa a gwangwani.

Suka gaisa. Kyaftin ya sosa ƙeya.

"Baba, ina da 'yar magana. Ko za a iya canza mana launin a wannan karon?"

Murmushin Baba ya ɗauke. "Me koren ya yi maka?"

"Bai yi min komai ba."

"To kai ma kada ka yi masa komai."

Baba ya fita bayan shago ya duba injin iskar fesa fenti. Kyaftin ya tsaya yana waige-waige, idonsa ya faɗa kan wani littafin zane da aka bari a buɗe kusa da gwangwanayen fenti. Ya fara buɗa shafukan.

Tambarin ƙungiyoyi ne cike da littafin, amma babu wanda ke cikin launinsa. Zakin wata ƙungiyar ƙwallo da kowa ya sani da ja, an mayar da shi shuɗi. Wata garkuwa baƙa ta koma ruwan ɗorawa. A can ƙarshe ga tsattsewar Baba, sau bakwai, kowacce a kan launi daban.

"Wa ya yi wannan?"

Auta ta ci gaba da guga kamar ba ta ji ba.

"To idan aljani ne, a gaishe min da shi. Hannunsa ya faɗa."

Dariya ta kufce mata, ta rufe baki da gefen mayafi. "Wasa ne kawai," ta ce a hankali. "Don Allah kada Baba ya gani."

Ya rufe littafin, ya ɗora masa tsumma. Da zai tafi ya tsaya gaban allon shago ya kwafi lambar waya. Wayar shagon a hannun Auta take zama.

Washegari bayan la'asar saƙo ya shigo.

"Salam. Kyaftin ne, mai buhun huluna. Ina neman aljanin nan mai zane. Yana nan?"

Ta karanta sau uku kafin ta amsa. "Yana nan. Amma ba ya magana da baƙi."

"Babu laifi. Ya turo zane, ni zan yi maganar."

Haka abin ya fara. Baba ya ce sai bayan wata guda zai taɓa hulunan, saboda aiki ya yi masa yawa. A cikin watan nan kusan kullum Auta na tura hoton zane ɗaya. Ran da ta tura tsattsewa a kan shuɗi, ya rubuto:

"Mai Buroshi, wannan kamar tsuntsuwar za ta fito daga waya. Na nuna wa Hajiyarmu, ta ce ko yarinyar ma haka take da kyau? Na ce ai zanen ne ke ƙoƙarin kamo ta."

Auta ta kife wayar a kan cinya. Sai da ta gama wanke buroshi biyar sannan ta rubuta: "Ka cika zance."

"Ke kuma kin cika shiru. Kin ga mun dace."

Yakan biyo ta shagon idan ya dawo daga atisaye, wai ya zo duba huluna. Baba ya san hulunan ba su motsa daga inda suke ba, Kyaftin ma ya sani.

Akwai wani kuma da ke zuwa. A tsallaken titi yake da shago, yana buga tambari da sitika da na'ura, shi ya sa ake ce masa Mai Firinta. Ya daɗe yana son Auta, amma ta wajen Baba ya biyo. Kullum da yamma zai kawo shayi a fulas, ya zauna a benci yana yaba aikin hannu.

"Baba, mu namu latsa maɓalli ne kawai. Ku ne masu sana'a."

Wata rana yana zuba shayi ya ce, "Na ga Kyaftin ya mayar da nan gida. Allah ya sa alheri. Ni dai tseren bara ne har yanzu yake ba ni mamaki."

Kowa ya san labarin. A tseren keke, ɗan ƙungiya yakan shiga gaba ya tare wa ɗan'uwansa iska, shi kuma na bayan ya adana ƙarfinsa sai an kusa layin ƙarshe ya fice. A tseren bara Kyaftin ya yi wannan aikin har kilomita uku, amma wanda ke bayansa ɗan ƙungiyar Guguwa ne, abokan hamayyarsu masu jan kaya. Ɗan Guguwa ya fice ya ci kofi.

"Wasu sun ce kuskure ne," in ji Mai Firinta. "Wasu sun ce ja yake so ya koma. Ga shi yanzu an ce kore ya ishe shi. Ni dai ban ce komai ba."

Auta na jinsu daga ƙurya. Ta matse samfefar har ta yage.

Da wata ya cika, Kyaftin ya rubuto mata:

"Mai Buroshi, na gaya wa Kawu maganarmu. Yana so ya zo ya ga Baba. Kin yarda?"

Ta daɗe tana kallon saƙon. Ta rubuta "Na yarda," ta goge, ta sake rubutawa, ta tura. Sannan ta ƙara:

"Amma Baba na jin haushin maganar canza launi. Gobe idan ka zo ka yabi koren. An fesa shi yau, ba a dai sa tsuntsuwar ba tukuna."

"An gama, ranki ya daɗe."

Abin da ba ta gaya masa ba, don ba ta ga amfaninsa ba, shi ne 'yan Guguwa ma sun kawo nasu hulunan a satin. A shago ɗaya ake yi wa ƙungiyoyin biyu fenti tun da can. An jera su a kan katako suna bushewa, na Tsattsewa a hagu, na Guguwa a dama, babu tambari a kan ko ɗaya.

Ya zo da safe cikin farar riga mai guga. Mai Firinta na zaune a benci. Kyaftin ya durƙusa ya gaida Baba, ya miƙe ya nufi katakon. Ya ɗan tsaya. Sai ya miƙa hannu dama, ya ɗauki jar hular Guguwa, ya ɗaga ta sama.

"Baba, na yi tunani a kan maganarku. Wannan launin shi ne nawa. Wallahi ba zan taɓa rabuwa da shi ba har in daina hawa keke."

Mai Firinta ya ajiye kofinsa a hankali, yana kallon ƙasa, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Baba ya karɓi hular daga hannunsa, ya mayar da ita wurinta.

"Na ji," ya ce. "Da ka faɗa a waje ma ya isa, ba sai ka shigo har shagona ka yi min ba'a ba. Ka gaya wa kawun naka ya huta da zuwa. Hulunanku kuma a turo wani ya ɗauka."

Kyaftin ya dubi Baba, ya dubi katakon, ya dubi Auta. Ya ja kekensa ya tafi, ko hawa bai yi ba.

A gida Umma ta tarar da Auta zaune a bakin gado da abinci a gaba ba ta taɓa ba.

"Ke, cin abinci bai shiga rigimar ba," in ji Umma. "Babanki ya ce ɗan tsallaken titin nan ya yi masa magana. Ya ce ki yi tunani."

"Umma, ba na son sa."

"Na sani. Wancan dogon kike so. To me ya kai shi yi wa babanki iya shege a gaban mutane?"



Kwana huɗu yana turo saƙo ba ta buɗewa. A rana ta biyar, shago babu kowa, ta zauna ta koma farkon hirarsu tana karantawa, da niyyar ta goge duka.

A nan ta lura da wani abu. Duk zanen da ta tura mai shuɗi ko ruwan ɗorawa, sai ya cika mata waya da yabo. Amma ran da ta tura mai ja, "Ya yi kyau" kawai ya ce. Ran mai kore ma haka. Ran mai ruwan ƙasa ya rubuto, "Wannan ba shi kika turo shekaranjiya ba?" Shekaranjiyar kuwa ja ta tura. A lokacin ta ɗauka tsokana ce.

Ta tashi ta ɗauko hular Tsattsewa ɗaya da ta Guguwa ɗaya. Ta ɗauki hoton kowacce a wuri ɗaya, cikin haske ɗaya. Ta tura masa duka biyun.

"Wacce ce taku?"

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Can ya kira. Ta ɗauka.

"Ban sani ba," ya ce. Muryarsa ta yi ƙasa. "A wurina hoto ɗaya kika turo sau biyu."

"Tun yaushe?"

"Tun ina yaro. Ja da kore, idan duhunsu ya zo ɗaya, ba na raba su. Hajiyarmu ce kaɗai ta sani. Ita ke jera min kaya."

"Tseren bara fa?"

"Na waiga na ga hula a bayana, na ɗauka namu ne. Idan ana gudu ba a ganin tambari, saman kai kawai ake gani. Sai da ya wuce ni na ga rubutun bayan rigarsa."

"Shi ne ka bari ana cewa ka sayar da ƙungiya?"

"Gara hakan. Idan suka ji kyaftin ba ya gane 'yan ƙungiyarsa a hanya, wa zai ƙara bin bayana?"

Sai Auta ta yi magana mafi tsawo da ta taɓa yi masa.

"To ka zaɓa. Ko su ji, ko Baba ya ba da ni a tsallaken titi. Ni ba zan faɗi sirrinka ba, ba nawa ba ne. Amma jibi Baba zai ba Mai Firinta amsa."

Ta kashe wayar. Sai ta ɗauki tsintsiya ta share shagon da ta riga ta share.

Washegari ya zo, ba shi kaɗai ba. Ya taho da kocin ƙungiyarsu, wani dattijo mai sanƙo da ke tsoron Baba tun suna samari. Mai Firinta na hango su ya tsallako da fulas ɗinsa.

Kyaftin ya durƙusa bai tashi ba. Ya faɗi komai a gabansu, tun daga kayan da mahaifiyarsa ke jera masa har zuwa tseren bara. Koci ya riƙe baki.

"Dabara ce," in ji Mai Firinta. "Baba, wa ya taɓa jin haka?"

Baba bai kula shi ba. Ya jawo kwalin da yake tara murafen gwangwani, ya zube su a kan tebur. Kowane murfi da busasshen fentinsa.

"Tashi. Ware min ja gefe guda, kore gefe guda."

Kyaftin ya tashi. Ya fitar da masu shuɗi da masu ɗorawa nan take, ya ture su. Sauran ya tsaya yana jujjuya su, yana kai su kusa da ido, gumi na tsattsafo masa. Da ya gama, kowane tsibi ya cakuɗe, ja da kore da ruwan ƙasa.

Baba ya daɗe yana kallon teburin. Ya ɗauki murfi ɗaya, na koren da ya haɗa da hannunsa.

"Wannan fa, me kake gani?"

"Kamar laka, Baba. Ku yi haƙuri."

"Laka," Baba ya maimaita. Ya zauna a kan benci. "Shekara nawa kana sa hular nan?"

"Tara."

"Shekara tara kana ɗauke da korena a ka, ba ka taɓa ganinsa ba." Ya girgiza kai. "Ni ina nan ina fushi an raina min aiki, ashe mutumin ko gaisawa da aikin bai taɓa yi ba."

Koci ya yi gyaran murya. "Kai kuma da ka faɗa tun bara, da mun huta da zagi a bakin titi. Kyaftin dai kai ne, babu mai ƙafarka. Amma Maigida, yaya za a yi da hular?"

"Koren nan ba zai tafi ba," in ji Baba.

"Ba sai ya tafi ba."

Duk suka waiga. Auta ce ta yi maganar, tana tsaye da littafin zanenta a ƙirji. Ta taho kanta a ƙasa, ta buɗe shafin da ta zana daren jiya da safiyar yau, ta ajiye a gaban mahaifinta. Hular kore ce, tsuntsuwar na nan inda take. Sai dai wani faffaɗan layi ruwan ɗorawa ya taso daga goshi ya bi ta tsakiyar kai har ƙeya.

"Yana ganin ɗorawa," ta ce. "Ko ta gaba ya waiga, ko ta baya ya hango."

Baba ya sa tabarau. Ya duba shafin, sannan ya koma baya yana buɗa sauran, zakin shuɗi, garkuwar ɗorawa, tsattsewarsa sau bakwai. Auta ta runtse ido.

"Yaushe kika yi duk wannan?"

"Idan kun fita sallah."

"Hmm." Ya dawo kan shafin ƙarshe, ya sa yatsa. "Layin ya yi faɗi. Rage shi kaɗan, kada ya danne min tsuntsuwa." Ya dubi Kyaftin ta saman tabarau. "Kai kuma ka ce wa kawunka ina gida ranar Asabar."

Mai Firinta ya rufe fulas ɗinsa. "To, Allah ya sanya alheri," ya ce. A bakin ƙofa ya juyo. "Idan za a buga katin biki dai, shagona na nan."

Bayan la'asar saƙo ya shigo wayar shago.

"Idona, yau na ji muryarki a gaban mutum huɗu. Ashe kina da ita?"

"Na ranar nan ne kawai. Ta ƙare."

"Ki adana min ragowar."

Wata uku bayan haka aka ɗaura aure, da safe, a falon Baba. 'Yan Tsattsewa suka zo su goma sha ɗaya a kan kekuna, suka jera su a jikin katanga har maƙwabta suka rasa wurin wucewa. Ango ya zo da farar riga da farar hula. Hajiyarsu ta ce ita ta hana shi zaɓe, don kada a ji kunya.

Da za a tafi da amarya, Umma ta riƙe ta tana kuka tana dariya.

"Ke kin huta," ta ce. "Duk labulen da kika sa, ba zai ce bai yi ba."

Aka kai su gaban Baba su yi sallama. Suka durƙusa. Baba ya ɗora hannu a kan 'yarsa, ya daɗe a haka, har Umma ta taɓa shi.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ke Auta, ki riƙa buɗe baki, miji ba ya karanta shiru." Ya juya ga angon. "Kai kuma ga ta nan, amana. Ka tare mata iska. Abin da ta ce maka ja ne, to ja ne, kada ka yi gardama."

"In sha Allahu, Baba."

"Amin," in ji mutanen falon.

Auta ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga ciki, a hankali yadda shi kaɗai zai ji, ta ce, "Ka dai ji."